A daina kashe injin zuƙe ƙura, a binciko abin da ya same shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani abu da ke damuna a masana'antun garinmu na Zariya, musamman wuraren niƙa masara, casar shinkafa, haɗa abincin kaji da gurzar auduga. Gyaran injina ne sana'ata, kuma abin da na fi gani shi ne da zarar injin zuƙe ƙura ya fara gardama, sai a kashe shi a ci gaba da aiki, ma'aikata su ɗaure hanci da ƙyalle, alhali galibin matsalolin ba su wuce gyaran yini guda ba.

Abin da ake fara dubawa shi ne agogon da ke nuna bambancin matsin iska tsakanin inda ƙura ke shiga da inda iska mai tsabta ke fita. Idan allurarsa ta hau ta ƙi sauka, buhunan da ke tace ƙura a cikin injin sun toshe. Idan kuwa ta faɗi farat ɗaya, kuma ana ganin ƙura tana fita ta bututun sama, to wani buhu ya yage ko ya zame daga mazauninsa.

Toshewar nan ta fi tsanani da damina, kuma sau da yawa ba laifin buhunan ba ne. Iskar kwamfuresa ce ke kakkaɓe su lokaci zuwa lokaci, to idan ba a tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankinta ba, sai ta riƙa fesa musu laima, garin ya manne ya bushe kamar ƙanzo a gindin tukunya. Mai masana'anta zai sayi sababbin buhuna da tsada, su ma su toshe kafin kaka. Kunne ma yana taimakawa: kowane bawul da ke sako wa buhunan iskar kwamfuresa ya kamata ya yi bugu ɗaya mai ƙarfi ya yi shiru, wanda ke huci ba tsayawa kuwa robarsa ta fashe.

Akwai kuma fanka mai juyawa da baya. Bayan an sake naɗin moto, ko an haɗa janareto, ana iya musanya biyu daga cikin wayoyin wuta uku, kuma fankar za ta ci gaba da zuƙa amma da rauni ƙwarai, har ƙura ta kwanta cikin bututu. A dubi kibiyar da ke jikin fankar mai nuna ɓangaren da ya kamata ta juya tukuna, sannan a duba bel ko ya saki, da mazubin ƙasa da ƙura ke taruwa a ciki ko ya cika.

Ƙurar auduga tana jawo ciwon huhu mai sa ƙuncin ƙirji da tari, ƙurar gari kuma tana kama wuta ta fashe. A shekarar 2008, fashewar ƙurar sukari a wata masana'anta da ke jihar Jojiya ta Amurka ta hallaka mutum 14. Saboda haka kada mai walda ya kusanci bututun da ba a share ba.

Ina kira ga Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da su shirya wa makanikai gajeren horo cikin Hausa a kan waɗannan injina, masu masana'antu kuma su ajiye littafin da za a riƙa rubuta abin da agogon ya nuna kowace safiya.

Wassalam.

Wani makanikin injina,
Sabon Gari, Zariya