Wasiƙa zuwa ga Edita: Bencin baya da muke zaunar da 'ya'yanmu a coci

Malam Edita, barka da aiki, ina gaisuwa gare ka da ma'aikatanka. Ni Kirista ce, 'yar zumuntar mata, na fi shekara 20 ina ɗaura zanen zumunta, dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu bi don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara wata yarinya a majami'armu, 'yar kwaya ce, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ita ke ɗaga waƙa ranar Lahadi, ta yi ciki ba aure. Ban ce ta yi daidai ba, ita kanta ba ta ce ba. Dattawa suka zauna, aka kira sunanta a gaban jama'a bayan sanarwa aka ce an sa ta a horo, ba kwaya, ba cin Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu), kuma bencin baya ne wurin zamanta, can bakin ƙofa inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Ina kallonta, sai an fara sujada take shigowa don kar ta gaisa da kowa, ta ja ɗankwali har goshi, kuma kafin a tashi a faɗi "Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu" ta riga ta sulale. Wata uku ana haka ba wacce ta taka gidansu a cikinmu, har da ni. Ranar da na je na same ta tana wanki a tsakar gida ƙafafu duk sun kumbura, ta ɗago kai ta ce, "Mama, ai na ɗauka an hana ku zuwa ne." Ba wanda ya hana mu, mu muka hana kanmu. Shi kuma yaron da ya yi mata cikin an tura shi makaranta wani gari, da Kirsimeti ya dawo ya zauna a gaba abinsa ba wanda ya ce uffan.

Kar wani ya ce ina ƙin horo, sam. Yana nan a Matiyu sura 18, kuma Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa da ƙarfi kan mutumin da ya yi abin kunya a cikinsu. Amma mu ƙarasa karatun mana. A wasiƙarsa ta biyu sura 2 shi Bulus ɗin ya ce horon da aka yi wa mai laifi ya isa haka, a yafe masa a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya cinye shi. To mu rabin farko muka riƙe gam muka bar na biyun. Haka labarin matar da aka kama da zina a Yahaya sura 8, ita kaɗai aka jawo gaban Yesu, ina namijin? Yesu bai ce mata abin da ta yi ba komai ba ne, ya ce ta tafi kada ta ƙara, amma sai da ya fara tsare ta daga masu jifa tukun.

Kuma ba maganar ciki kaɗai ba. Yau a wasu majami'u an fi sa ido a kan wando da 'yan kunne da ƙarin gashi fiye da abin da ke zuciya, yarinya ta zo ba ɗankwali sai a tare ta a ƙofa tun ba ta ji ko aya ɗaya ba. Na taɓa ji da kunnena ana tambayar katin zakka da kuɗin zumunta na wata tsohuwa da ta rasu kafin a tsai da maganar jana'izarta, gawa na asibiti 'ya'ya na kuka mu muna buɗe littafin lissafi, haba jama'a! Ba wannan ne Yesu ya faɗa wa Farisiyawa a Matiyu 23 ba, suna fidda zakkar ganyen miya amma sun bar adalci da jinƙai da aminci, suna tace sauro suna haɗiye raƙumi?

Na san wasu dokokin da dalili aka kafa su. Kakanninmu sun ga yadda burukutu ke rushe gida shi ya sa suka hana, kuma na gode musu. Amma wasu nauyi ne kawai muka gada. Kakana mata biyu gare shi kafin bishara ta iso ƙauyenmu, ya yi shekaru yana zuwa sujada yana share harabar coci, aka ce ba baftisma sai ya saki ɗaya, ya ce ina zai kai uwar 'ya'yansa, har ya mutu bai ci Jibi ba. Tun a Ayyukan Manzanni sura 15 aka yi irin wannan gardamar a Urushalima kan kaciya, Bitrus ya miƙe ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka.

Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma kalmar da muke karantawa a ciki game da cetonmu ita ce alheri. Kowane mai jin Hausa ya san ta, in an ce wane ya yi mini alheri ai ba bashi ya biya ni ba, ba kuma ladan aiki ba ne. Yaranmu na haddace Afisawa 2:8 da 9 a makarantar Lahadi, cewa ta wurin alheri aka cece mu ba ta ayyuka ba don kar kowa ya yi fahariya, sai su fito su ga manya suna auna mutum da tsawon siket, wanne za su gaskata?

Su ma masu wa'azi a Facebook da talabijin da ke cewa tunda akwai alheri kowa ya yi abin da ya ga dama ba tuba ba komai, ban tare da su. Bulus ya riga ya amsa musu a Romawa 6, a'a ko kusa. Mai alherin gaske yakan faɗa maka gaskiya ido da ido sannan ya zauna tare da kai.

Roƙona ga fastoci da dattawanmu, iyayenmu ne kuma ina girmama su, in za a sa mutum a horo to ranar a naɗa mutum biyu da za su riƙa zuwa gidansa da addu'a da ɗan abin hannu, a faɗi ranar da horon zai ƙare, in namiji da mace ne suka yi laifin a kira su duka biyun ko ɗan waye, kuma yadda aka kira suna da lasifika ranar kunya haka a kira shi ranar maidowa.

Yarinyar ta haihu lafiya, mace aka samu. Ranar suna mu huɗu ne daga zumunta muka je da sabulu da turmin atamfa. An cire ta daga horo tun watannin baya amma har yanzu ba ta dawo coci ba, ta ce ƙafarta ta yi nauyi. Na ce mata Lahadi mai zuwa zan biyo ta gida da sassafe mu tafi tare, ni zan goya jaririyar, kuma kusa da ni za ta zauna.

Na gode Malam Edita.

Wata uwa 'yar zumuntar mata, daga Kaduna