Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi kan Rashin Sabis da Wuta a Asibitin Garinmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu ne dattawa da mata da matasan wannan mazaɓa, muka kawo kukanmu gabanka game da asibitinmu na sha-ka-tafi.

Bara aka ba ma'aikaciyar lafiyarmu kwamfutar hannu, aka ce a ciki za ta riƙa rubuta masu awon ciki da yaran rigakafi, rahoton wata kuma ya tafi ta DHIS2, manhajar tattara bayanan asibitoci, ba sai an hau babur an kai takarda sakatariya ba. Mun ga amfanin abin. Akwai daren da wata 'yarmu ta fara jijjiga tana kan gwiwa, aka kira likita a babban asibiti, ya duba ta ta bidiyo, ya faɗi allurar da za a yi mata kafin a samo mota. Uwa da ɗa suna nan lafiya.

Sai dai, ranka ya daɗe, daren nan dace aka yi. Sabis a garinmu sai an hau tudun firamare. Ma'aikaciyar kan bar marasa lafiya a benci ta fita tana ɗaga waya sama. Batirin sola ya mutu tun damina, firjin allura ya koma akwati, kwamfutar kuwa a shagon mai caji take kwana da sirrin matanmu a cikinta. Wannan ya fi yi mana ciwo. Data ma daga aljihunta take saye, bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka yi wa kuɗin waya a 2025.

Muna roƙo ka isar da mu ga Shugaban Ƙaramar Hukuma. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. A duba ko asibitinmu na cikin masu samu, a gyara sola daga ciki. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da asusun USPF na kai sabis karkara, a rubuta mata da sa hannunka. Filin kafa turken sabis mun riga mun ware, kyauta.

Saƙon tunin ranar awo kuma a turo shi da murya, da Hausa, domin yawancin iyayenmu mata ba sa karanta boko.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya.

Naka masu biyayya,
Kwamitin ci gaban mazaɓa, a madadin jama'ar gari.