Masu gudu da suwaita da leda a bazara, a yi hattara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu fita gudun motsa jiki, musamman masu neman rage tumbi. Da bazara ta kama, sai ka ga mutum da hantsi yana sassarfa a gefen kwalta cikin suwaita mai kauri, ya kuma naɗe cikinsa da leda wai don kitse ya narke. Abin nan yana tayar mini da hankali ƙwarai.

Gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba. Jiki yana hucewa ne idan gumi ya bushe a kan fata. Leda kuwa tana tare iska, gumin ya yi ta kwarara a banza alhali zafin cikin jiki yana ta hawa. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, wannan wasa da rai ne.

Mai shakka ya hau sikeli kafin ya fita, ya sake hawa in ya dawo. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato fiya-wata biyu, kuma da ya sha ruwa, nauyin zai dawo. Mai kilo 70 da ya zubar da kilo ɗaya da rabi ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa; daga nan ƙafa take yin nauyi, zuciya ta ƙara bugu. Ya mayar da ruwa lita ɗaya da rabi kan kowane kilo da ya ragu, kaɗan-kaɗan, ba zubin ganga ba. In gudun ya wuce awa ɗaya, ruwa zalla ba ya isa: a zuba suga cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali a lita ɗaya. Fitsari ja kamar shayi alama ce da sauran ƙishi a jiki.

A fita bayan sallar asuba, da riga marar nauyi. Sabon shiga ya fara da minti 20, domin jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. A kuma daina haɗiyar maganin kashe ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen kafin gudu. Su da ƙarancin ruwa in sun haɗu, ƙoda suke bugawa.

Idan abokin gudunka ya soma tangaɗi ko sambatu, kada ka ce gajiya ce, ko da gumi na zuba masa; wataƙila zafi ne ya yi wa jikinsa yawa. Kai shi inuwa, cire masa kaya, kwarara masa ruwan sanyi, sa ƙanƙara a wuya da hamata da matsematsi, ana yi masa fifita ana neman abin hawa zuwa asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa.

Naka,
Mai karatu daga Kano