Afuwar Sarkin Maroko ba ta kai ga fursunonin Gdeim Izik ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Laraba. Kun yi ta yabon Sarki Mohammed na Shida don ya yi wa fursunoni 5,654 afuwa saboda korona a Afrilun 2020, amma ko sau ɗaya ba ku ambaci fursunonin Gdeim Izik ba, wato sansanin zanga-zangar da aka kafa kusa da birnin Laayoune na Yammacin Sahara. Mutum 19 ɗin nan 'yan Yammacin Sahara da ke ɗaure tun bayan tarwatsa sansaninsu a Nuwamban 2010, ba a saki ko ɗaya ba. A lokacin afuwar suna gidajen yarin Maroko irin su Kenitra da Tiflet da Ait Melloul, wasunsu ɗaurin rai da rai. Tun ranar 25 ga Maris na 2020 Michelle Bachelet, shugabar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta roƙi gwamnatoci su saki fursunonin siyasa. Ba ku ji ba ne?

Ni na san abin da cuta ke yi a kurkuku. Ƙanena ya yi zaman jiran shari'a a ɗakin da ake kwanciya bi da bi saboda cunkoso, bokiti ɗaya ne ban-ɗakin kowa. Lafiya lau ya shiga, ya fito da tarin fuka, sai ƙashi da fata. Abin da ya riƙe ransa shi ne tuwo da maganin da mahaifiyarmu ke kai masa duk Juma'a, ta sayar da akuyoyinta kaf a kan haka. To a 2020 an dakatar da ziyara a gidajen yarin Maroko saboda korona. Uwar da ɗanta ke Kenitra ita tana Laayoune, tazarar fiye da kilomita 1,000, wa zai gaya mata ya fara tari? Wallahi da na tuna haka barci ya gagare ni.

Baƙonku kuma yana ta cewa a yawaita wanke hannu. A sansanonin Tinduf na Aljeriya akwai 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara sama da 170,000, iyayensu sun isa can tun 1975, da yawansu sai tanka ta zo suke samun ruwa. Da me za su wanke? Najeriya ta amince da jamhuriyar da 'yan Yammacin Sahara suka ayyana tun 1984, bai kamata gidan rediyon Hausa ya yi kamar bai san da su ba. Ku sake shirin, ku kira lauyoyin fursunonin da iyalansu.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin labarai, yana danne muryar mai karantawa, tsofaffinmu ba sa jin komai.

Mai sauraronku,
daga Katsina