Rahoton Ayyukan Shekara: Karanta Jini Tun Jiki Bai Rikice Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa likitoci, ma'aikatan jinya da masana ɗakin gwaje-gwaje. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana.

A babban taronmu na bara kun zaɓi jigo guda: yadda za mu gane tun da wuri wanda cutar bairos za ta kai sashen kulawa ta musamman, tun bai shiga gargara ba. A kan wannan zaman karatunmu na wata-wata ya tafi. Mun fara da korona, don a kanta aka fi yin bincike. Mun duba yadda hauhawar IL-6, CRP, feritin da D-dimer (sinadaran jini masu nuna kumburi da daskarewar jini), tare da faɗuwar fararen ƙwayoyin jini na limfosait, ke nuna wanda huhunsa zai gaza. Mun ga yadda binciken RECOVERY na Birtaniya ya yi amfani da CRP mai 75 ko fiye wajen zaɓen waɗanda za a ba tocilizumab, maganin da ke toshe aikin IL-6, maganin kuma ya rage mace-mace. Abin da ya fi jan muhawara shi ne binciken 2020 da ya gano cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kusa kashewa suna ɗauke da garkuwar da ta juya tana yaƙar intaferon na jikinsu, wato sinadarin da jiki ke yaƙar bairos da shi. Ilimi ne mai kyau, amma wani dattijo cikinmu ya tambaya: wa ke da wannan gwajin a asibitinsa? Zauren ya yi tsit.

Tambayarsa ce ta dawo da mu gida, wato zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma duk rani sai ya taso a Bauchi, Taraba, Edo da Ondo. Nan muka fi daɗewa, kuma ban yi nadamar haka ba. Binciken asibitin Irrua da ke Edo a kan majinyata 291 daga 2011 zuwa 2015 ya nuna kashi 24 cikin 100 sun rasu, lalacewar ƙoda ce kuma ta fi raka mutum kabari. Na Owo da ke Ondo, daga 2018 zuwa 2020, ya bi majinyata fiye da 500, ya fitar da alamun haɗari: shekara 45 zuwa sama, raunin ƙoda, ALT (sinadarin da ke nuna raunin hanta) da ya ninka iyakarsa sau 3, da lambar Ct ƙasa da 30. Ga waɗanda ba su halarta ba, na'urar PCR tana kwafar ƙwayar halittar bairos zagaye bayan zagaye, Ct kuwa ita ce yawan zagayen da ta yi kafin ta hango shi. Idan lambar ta yi ƙasa, jini ya cika da cuta ke nan.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ba mu labarin da har yau yake raina. An kawo mata wani matashi da ya yi mako ana masa allurar maleriya da taifot. Yana zaune a gado, har yana tambayar yayansa ko an ba awaki ruwa. Takardar gwaji ta iso da kalma ɗaya: akwai cutar. Ita ce ta lura da jakar fitsarinsa, tun safe fitsarin bai rufe gindinta ba. Sinadarin gwajin kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, ya ƙare a ranar, sai washegari. Kafin a samu gurbin wankin ƙoda, mai aukuwa ta auku. Daga baya ta ji cewa lambar Ct ɗinsa ta yi ƙasa ƙwarai, tana nan cikin kwamfutar ɗakin gwaji, ba wanda ya rubuto ta. Allah ya jiƙansa.

Saboda haka kwamiti ya rubuta wa ɗakunan gwajin da muke hulɗa da su, ya roƙi a riƙa sa lambar Ct da sunan kayan gwajin a takardar sakamako, tunda lambar na ɗan sauyawa daga wata na'ura zuwa wata. Wasu sun amsa har sun fara, wasu shiru. Za mu sake ƙwanƙwasawa. Mun kuma tsara takarda mai shafi ɗaya ta gefen gado, inda za a rubuta yawan fitsari, kiriyatinin, fotashiyam da ALT kullum, a ga inda suka dosa.

Horon ɗaukar jini da naɗe shi ninki uku ya gudana kafin shigowar rani, mahalarta sun yaba. Shirin ajiye samfura don bincikenmu na kanmu bai tashi ba: babu firiji mai sanyin da ake buƙata, wuta ba ta tsayawa, izinin kwamitin ɗa'a ma bai fito ba. Laifin jinkirin neman izinin namu ne, mun karɓa.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a taro mai zuwa, waɗanda ake bi kuɗin shekara su taimaka su biya. Duk wanda ya gwada takardar gefen gado a sashensa ya zo da ita, ko da ta yi datti, mu ga abin da za a gyara kafin Disamba.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa