Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri.

Da bakinka ka faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Abin da ya dame ni shi ne, duk maganin da ake kawowa na ɗauri ne. A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai ya kawo ƙudurin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar. A Fabrairun 2024 hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita. To, wanda aka ɗaure gangar jikinsa ce a asibiti, zuciya kuwa tuni ta kai Saudiyya ko Ingila.

Kowa ya san kuɗi na ciki. Ai shekara da shekaru naira 5,000 ce alawus ɗin haɗari, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga. Amma yaron da ya kwashe shekara shida a makarantar likitanci bai shiga da niyyar guduwa ba. A bakin aiki ake kashe masa gwiwa. Ya kwana yana ɗinki da fitilar waya, ya aiki mai jinya kyamis ya sayo safar hannu, gari ya waye babu wanda zai karɓe shi, domin abokan aikinsa sun tafi ba a cike gurbinsu ba. Ƙarin girma ya maƙale a ofis, kuɗin horon ƙwarewa kuma sai ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa (NARD) ta yi barazanar yajin aiki kafin a saki. Ranar da ya fara karatun jarrabawar fita a ɗakin hutu, an riga an rasa shi, takardar ajiye aiki ce kawai ta rage. Kuma tafiyar ɗaya ita ke ninka wa na baya aiki, shi ma ya fara haɗa jaka.

Manufar ƙaurar ma'aikatan lafiya da gwamnati ta amince da ita a Agustan 2024 ta yi magana kan dawo da na waje. Madalla. Sai dai ni roƙona a fara da na gida. A ba shugabannin asibitoci ikon ɗaukar wani nan take idan ma'aikaci ya tafi, ba sai takarda ta yi watanni a Abuja ba. A ƙayyade awannin aikin kwana, a biya alawus kan kari, ba sai an rufe asibiti ba.

Allah ya taimake ka.

Wani ma'aikacin lafiya