Kafin ka zuba kuɗi a na'urar juya faifan garmaho

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin jan hankalin waɗanda suka fara sha'awar faifan garmaho, musamman masu ƙumbar susa da ke neman na'ura ta gaske, ba irin mai kama da akwatin tafiya da lasifika a jikinta ba. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya juye kuɗinsa kaf a kan na'urar, alhali ita kaɗai ba ta magana.

Sautin da allura ke ɗaukowa ɗan mitsitsi ne, kuma tun wurin yanka faifan aka rage masa kauri. Dole ya bi ta wani ƙaramin akwati da ake kira fono, wanda ke ƙara masa ƙarfi ya mayar masa da kaurinsa, sannan ya wuce amfilifaya da lasifika. Wanda ya jona na'urar kai tsaye a ramin CD na amfilifaya zai ji sauti siriri can ƙasa-ƙasa, ya ɗauka an cuce shi. Shawarata, kamar rabin kuɗin ya tafi kan na'ura da kan allurarta, sauran a raba wa fono da amfilifaya da lasifika.

Kan allura iri biyu ne, MM mai maganaɗisu mai motsi, da MC mai naɗin waya mai motsi. Na MC ya fi fito da ƙananan sautuka, amma abin da yake fitarwa yawanci bai kai rabin milibolt ba, don haka sai da fono mai tsada, kuma in allurar ta karye sai an aika kan gaba ɗaya waje. Na MM yana ba da kamar milibolt 3 zuwa 6, allurarsa kuwa da hannu ake zarewa a sa sabuwa. Sabon shiga zai karya allura, ko shi ko yaron gida, ba makawa. Ya fara da MM, kamar Ortofon 2M Blue ko Audio-Technica AT-VM95ML.

Inda na fi so a natsu shi ne batun wuta. Akwai na'urar da bel ɗin roba ke juya farantinta, kamar Rega Planar 3 ta Ingila, akwai wadda injin juyawar ke ƙarƙashin farantin kai tsaye, kamar Technics SL-1200GR ta Japan. Da yawa daga masu bel suna ɗaukar saurinsu ne daga bugun wutar gida. Tamu bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 mai bugu 60. In ka sayo irin wannan daga Amurka, ko ka sa taransifoma, faifan da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi a minti zai koma kusan 28, mawaƙi ya riƙa jan murya kamar mai gyangyaɗi. Janareta ma haka, saurinsa hawa da sauka yake yi. A sayi wadda aka ƙera domin Ingila ko Turai, kuma wadda ke sarrafa saurinta da kanta: Technics ɗin tana yi, Rega kuma sai an haɗa mata akwatin wutarta mai suna Neo. A nan ƙasar ni Technics zan zaɓa, don ba ruwanta da bel ɗin da zafi ke sa shi saki. Sitabilaiza kuwa dole ce, ba sai an faɗa ba.

In kaya sun iso, a ɗora na'urar a kan tebur mai nauyi, a duba da ma'aunin magina mai kumfa cewa ba ta karkace ba. Kada ta zauna tebur ɗaya da lasifika, girgizar za ta koma cikin allura ta zama gurnani. A juya nauyin da ke bayan hannun da ke riƙe da allura har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, a mayar da lambar ma'aunin nauyin zuwa sifili, sannan a murɗa zuwa nauyin da kamfani ya faɗa: giram 1.8 ga Ortofon ɗin, giram 2 ga Audio-Technica. A sa maɓallin da ke hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai a lamba ɗaya da wannan. Masu rage nauyi wai don tausayin faifai su suka fi ɓata shi, domin allura marar nauyi tsalle take yi tana kartar bangon layin. In an ji ƙugi, a duba siririyar wayar ƙasa, a ɗaure ta a jikin fono.

Sai ƙura. Da hunturu faifai kan ɗauki cajin lantarki ya jawo ƙura, ita kuma ta cinye allura tun ba ta yi awa 500 zuwa 1,000 da aka saba samu ba. A share faifai da burushinsa kafin kowane saurare, allura kuma daga baya zuwa gaba. A jera fayafayai a tsaye, nesa da taga, in ba haka ba zafi ya lanƙwasa su.

Masu tsofaffin fayafayan gado masu juyi 78, layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce, kuma sifirit na narkar da su. Rega da Technics ɗin nan, ta biyun ce ke da wannan saurin.

Wassalam.
Mai karatunku daga Kano